Bashin Ƙasa da Kuɗin Magani: Musayar Waƙa

Malam Iliya

Bashi hanji ne, yana cikin kowace ƙasa,
Girmansa kaɗai ba shi ne abin dubawa.
Ana bin Japan fiye da ninki biyu na arzikin shekara,
Amma asibitocinta suna karɓar kowa.
Da kuɗinta ta ranta, akasari gun 'yan ƙasa,
Ruwa kaɗan, ga wa'adi mai nisan zuwa.
Siri Lanka dala ta ranto a kasuwar waje,
A 2022 dala ta ƙare, sai gazawa.
Fetur ya yanke, magani ya yi wuya,
Ga layi ko'ina, ga farashi na hauhawa.

Hajiya Rakiya

Malam, ka faɗi daidai, bari in ɗora,
Ni ma'aunina abin da ke shiga hannun hukuma.
A ce an tara 100, ruwan bashi ya ci 40,
Albashi ya kwashe 50, da me za a yi hidima?
Goman nan ce magani, ita ce alli da benci,
Ita ce gyaran famfo da rufin da iska ta ɗaga sama.
Mai bin bashi ba ya jira, ma'aikaci ba ya jira,
Sai a zaftare gyara, gini bai iya gardama.
Likita na nan, albashinsa na shigowa,
Ba safar hannu, ba allura, sai dai zama.
Bankin Duniya da Asusun Lamuni sun ja wa matalautan ƙasashe layi,
Biyan bashin waje daga kuɗin shiga, ga alama:
14 cikin 100 ga mai rauni, 18 ga ta tsakiya,
23 ga mai ƙarfi. In an haura, a shirya fama.

Ɗanladi

Hajiya, to a bar rance ke nan gaba ɗaya?
A Abuja a 2001 ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniya,
15 cikin 100 na kasafi a ba lafiya,
Ƙasashe ƙalilan suka cika, a faɗi gaskiya.
Haraji bai isa ba, rance kun ce ƙaya,
Yaron da bai shiga aji bana ba, wa zai biya?

Malam Iliya

Wa ya hana rance, Ɗanladi ƙanena?
A ranta, amma a yi lissafi tukuna.
In ruwan bashi ya fi bunƙasar arziki gudu,
Nauyinsa na hawa da kansa, dare da rana,
Sai in haraji ya bar rara bayan kuɗin da aka kashe,
Rarar ce kaɗai ke sa shi ya zauna.
In da dala aka ranta, kuɗin gida ya faɗi rabi,
Bashi ya ninka ba a ƙara sisi ba, ba magana.
Makaranta sai ɗalibi ya girma take biya,
Ka gina ta da rancen shekara 5, ka sayi ƙuna.
Ta fi son rance mai sauƙi, shekara 30 ko fiye,
Albashin malami kuwa haraji ne, ko baɗi ko bana.

Hajiya Rakiya

Wannan rarar, Malam, ta ina za a samo ta?
Tsuke bakin aljihu ma in ya yi yawa asara.
Girka ta yanke fansho da albashi tun daga 2010,
Arziki ya ragu da kusan rubu'i, ciniki ya tagayyara,
Bashin da aka so ragewa, in an auna da arziki,
Sai ga shi ya haura, wahala ta ƙara.
A fara da soke afuwar haraji ga manyan kamfanoni,
Da ma'aikatan bogi, da kwangilar da ba a duba ba aka tsara,
Da tallafin da mai mota uku ya fi kowa sha,
Rigakafi da aji ɗaya kuwa a kare su daga asara.

Ɗanladi

Na ji, Hajiya, amma in tuni ƙasa ta gaza?
Zambiya ta kasa biya a 2020, aka shiga zama,
Sai 2024 masu takardun lamuni suka daidaita,
Shekarun nan masu ba da rance sun ja baya, ba dama.
Masu bi sun yi yawa, ga gwamnatoci ga 'yan kasuwa,
Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sassauci kuma.
Malam, wa zai fara yafewa a cikinsu,
Kuma da wace doka za a tilasta mai gardama?