Neman kalmar Hausa: me za mu kira "informal settlements"?

Mai Gabatarwa: Assalamu alaikum, malamai. Gobe da safe zan naɗi shirin rediyo na Ranar Birane ta Duniya, wadda ake yi kowace 31 ga Oktoba, kuma kalmar "informal settlements" ta cika rahoton da ke hannuna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa nan da 2050 kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya a birane za su zauna, don haka za mu daɗe muna buƙatarta. Na rubuta "unguwannin talakawa", amma ba ta kwanta mini ba.

Ɗan Kurna: Hajiya, ai Kano ta riga ta raɗa wa abin suna: awon igiya. Mai gona ne ke yanka gonarsa fegi-fegi, mai unguwa ya zama shaida, a yi ta gini ba a bar hanyar mota ko magudanar ruwa ko filin makaranta ba. Ranar da gobara ta tashi, motar kwana-kwana a bakin titi take tsayawa, domin lungun ba ya shiguwa. Kuma akwai attajirai da benayensu a can, saboda haka talauci ba shi ne ma'anar ba.

Malamin Nahawu: Awon igiya maganar dillalai ce, ba ta dace da rahoton hukuma ba. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "matsugunan kara-zube", wadda ta fito da rashin tsarin ƙarara.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta malam, ni dai ban taɓa jin awon igiya a wajenmu ba, kuma rediyo ba a Kano yake tsayawa ba. Ya kamata a daina ɗauka cewa duk abin da Bakano ya faɗa ya zama daidaitacciyar Hausa.

Ɗan Kurna: Ba gasar gari muke yi ba, ɗan'uwa. Amma kara-zube cin fuska ce ga mutumin da ya sayi fegi da guminsa, yana riƙe da takardar ciniki. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, sai dai filayen da gwamnati ke yankawa ba su taɓa isar jama'a ba. Idan muka kira gidajensu da sunan da ke nuna tarkace, mun sauƙaƙa wa mai rusau aikinsa, alhali abin da suke buƙata a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, shi ne a fitar musu da hanya da kwalbati.

Mai Gabatarwa: Na gode ƙwarai. Zan fara da "unguwannin da hukuma ba ta tsara ba", in bayyana cewa a Kano awon igiya ake ce musu, sannan in ci gaba da gajeriyar.

Malamin Nahawu: Wannan bayani ne, Hajiya, ba kalma ba. A yi amfani da shi gobe tunda lokaci ya ƙure, amma ban janye tawa ba.