Koren ruwa mai rai a tankin murjani: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai tanki a Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ina zuba fitofilankton mai rai, wato ƙananan tsirran tekun nan da ke mai da ruwa kore, a tankina mai cin lita 300, kuma ina son jin abin da kowannenku ya gani a nasa. Ina zuba mililita 30 na haɗin Nannochloropsis da Tetraselmis bayan sallar isha'i, sannan in kashe na'urar da ke kwashe ƙazantar ruwa ta hanyar kumfa na tsawon awa ɗaya don kada ta tsotse abin da na zuba. Murjani mai laushi ya ƙara buɗewa, tsutsotsin nan masu kai kamar gashin tsuntsu sun yawaita a jikin duwatsu, amma Acropora, wato murjani mai tauri mai rassa, yana nan jiya-i-yau.

'Yar'uwa daga Landan:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma haka na gani, kuma dalilin yana cikin halittar murjanin. Mai tauri irin Acropora yana samun mafi yawan abincinsa ne daga gansakukar da ke zaune cikin tsokarsa tana sarrafa haske, in kuma zai kama wani abu da 'yan yatsunsa, ƙananan dabbobin ruwa ya fi kamawa. Koren ruwan kuwa waɗannan dabbobin yake ciyarwa. Ka haska tocila a jikin gilashi da tsakar dare, za ka ga fararen ɗigo-ɗigo suna rarrafe. Su ne kofifod, kuma a tankina sai da suka cika gilashin baya kafin na ga Acropora ya fara fitar da sabon farin tsiro a bakin rassansa. Wanda ke cin koren ruwa kai tsaye shi ne murjani mai laushi irin Dendronephthya na Bahar Maliya da ke maƙwabtaka da kai, domin ba shi da gansakuka a jikinsa. Na taɓa ajiye ɗaya, ya rame ya mutu a hannuna duk da ina shayar da shi kullum, kuma har yanzu abin yana damuna.

Ɗan'uwa daga Abuja:
Ni kuskurena zan faɗa, ko wani zai tsira da shi. Na yi tafiyar kwana uku, aka ɗauke wuta, firiji ya huce, na dawo na tarar koren ruwan da ke cikin kwalbar ya rabu biyu: ruwa garau a sama, dunƙulen kore a ƙasa. Da na buɗe murfin na ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, amma ganin kuɗin da na kashe ya sa na girgiza na zuba. Cikin mako biyu fosfet, sinadarin da ke ciyar da gansakuka, ya hau, gansakuka mai gashi ta lulluɓe duwatsu, sai da na yi ta canza kashi 20 cikin 100 na ruwan kowane mako kafin tankin ya farfaɗo. Koren ruwa mai rai yana shanye fosfet da naitiret, shi ma sinadari ne da ke taruwa daga ƙazantar tanki, matacce kuwa ƙazanta ce kawai.

Mai noma nasa a gida:
Irin wannan asara ce, ɗan'uwa, ta sa na koma noma nawa a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Ina haɗa ruwan gishiri a ma'aunin gishiri na 1.020, ƙasa da 1.025 na tanki, in sa takin f/2, wato takin da ake noma koren ruwa da shi, da bututun iska, in ba shi haske awa 16 a rana. Cikin kwana 7 zuwa 10 yake yin kore shar, har ba na hango yatsana ta bayan gorar. Wanda ya yi gaggawar ɗiba kafin nan, ragowar takin zai zuba wa murjaninsa.

Mai tanki a Jidda:
Na gode ƙwarai. Hajiya, daren jiya na haska gilashin kamar yadda kika ce, na kuwa gan su, sai dai ba su da yawa. Zan ci gaba da mililita 30 ɗin, in riƙa auna fosfet duk ranar Juma'a, bayan wata biyu in dawo muku da abin da na gani.