Masana finafinan kaboyi, wane faifan The Good, the Bad and the Ugly zan sa a sayo min?

Tela Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma wanda zai amsa ya bi ni a sannu, don ni ɗinki na sani, harkar na'urorin zamani sai dai yara su danna min.

Mu da muka tashi a Fagge lokacin da silimar Plaza da Orion da El-Dorado ke tashe, abu uku ake kallo: Indiya, Cainis, sai kaboyi. Abokaina duk Indiya suka bi saboda waƙa da rawa, ni kuwa kaboyi ne nawa. A cikin kaboyin ma babu wanda ya zauna min a rai irin The Good, the Bad and the Ugly na Clint Eastwood, wanda mutum uku ke farautar zinaren dala 200,000 da aka binne a maƙabarta ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Da bidiyo ya shigo gidaje na sayi kaset ɗinsa a Ƙofar Wambai, na yi ta kallo har zaren ya gaji, hoto ya riƙa rawa. Na san inda Tuco, ɗaya daga cikin ukun, zai buɗe baki, na san kukan kowace bindiga a ciki.

To kwanan baya babban ɗana ya kawo min shi a filashi, wani mai tura finafinai ne ya zuba masa. Muka jona a talabijin ɗin shago bayan isha'i. Hoto kam tangaran, har gumin goshin mutum kana iya ƙirgawa. Amma wallahi ba fim ɗina ba ne. Komai ya yi rawaya, fuskokin mutane kamar masu ciwon shawara, sararin samaniyar da na sani shuɗi ya koma kore-kore. Harbin bindiga ma ya sauya. A da in aka harba sai ka ji wani kaifi yana fito yana tafiya cikin duwatsu, yanzu kuwa wata ƙara ce mai nauyi irin ta finafinan yau. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wuraren da ban taɓa gani ba. Akwai inda Tuco ya shiga wani kogo riƙe da kaza yana neman tsofaffin abokan ta'asarsa, kuma muryar da ke fita daga bakinsa ta tsoho ce tukuf, alhali ga fuskar ta mai jini a jika.

Ƙanen mai ɗakina yana karatu a Ingila, zai zo hutu, ya ce in faɗi tsarabar da nake so. Wane faifai zan ce ya sayo wanda zai dawo min da fim ɗin yadda na san shi? Kuma in ya kawo, zai yi a na'urorinmu na nan?

Injiniyan Titin Beirut:

Wa alaikumus salam Baba Tela. Kunnenka da idonka lafiyarsu ƙalau, fim ɗin ne aka taɓa, kuma ba sau ɗaya ba.

Sergio Leone, mutumin Italiya, shi ya shirya shi, aka fara nuna shi a can a Disambar 1966. Da za a kai shi Amurka a ƙarshen 1967 sai aka rage shi ya dawo minti 161, aka ɗora masa muryoyin Turanci. Wannan gajeren shi ne ya zaga duniya, shi ne a kaset ɗinka. Wuraren da aka yanke ba a taɓa yi musu Turanci ba, da Italiyanci kawai suke. Bayan shekara sama da 35 sai kamfanin MGM ya mayar da su ciki, fim ɗin ya kusa awa 3 cif, aka fitar da shi a DVD a 2004. Don a cike muryoyin sai aka kira Clint Eastwood, lokacin ya haura 70, da Eli Wallach mai fitowa a Tuco, wanda aka haifa a 1915, ka ga ya doshi 90 ke nan. Muryar tsohon da ka ji a kogo tasa ce ta gaske, tsufa ne kawai ya kama ta. Lee Van Cleef kuwa, mugun nan mai idon shaho, ya mutu tun 1989, sai wani mai suna Simon Prescott ya kwaikwayi muryarsa. Abin dariya, mutane da yawa sun ce ta aron ta fi dacewa da hoton a kan ta masu abin.

A wannan aikin ne aka sauya ƙarar bindigogi, saboda ana so sauti ya riƙa fita ta lasifika shida a zagaye ɗaki. Sautin asali hanya ɗaya yake bi, ana ce masa mono. Wannan fiton harsashi da kake nema yana cikin mono ɗin.

Rawayar kuma daga baya ta zo. An sake wanke fim ɗin daga ainihin zarensa a Bologna ta Italiya, aka fitar a Blu-ray, faifan da ya fi DVD kaifin hoto, a 2014. Kaifin hoton ya burge kowa, amma launin ya jawo ce-ce-ku-ce sosai a wajen masu tara faifai, wasu na cewa haka masu fim ɗin suka so shi da zafin hamada, wasu na cewa an zarce. Duk alamun da ka lissafa, rawaya da kogo da sabuwar bindiga, na wannan fitowar ne, daga shi aka kwafo wanda ke filashinka.

Abin da za ka ce a nemo: wanda aka rubuta minti 161 ko 162 a bayan kwalinsa, kuma akwai mono a jerin sautinsa. Kamfanin Kino Lorber na Amurka ya fitar da irin wannan a faifan 4K, wanda ya fi Blu-ray kaifin hoto, a 2021, an rage rawayar, sama ta dawo shuɗiya. Tunda yaron a Ingila yake, na kamfanin Arrow da ya fito a 2025 zai fi masa sauƙin samu, kuma shi gajeren da dogon duk suna ciki, sai wanda ka zaɓa.

Sai dai Baba, kada ka ce na cika baki, kaset ɗin ma ba cikakke ba ne. An ɗauki fim ɗin da faɗi, faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu da ɗoriya. Talabijin ɗinmu ta da kusan murabba'i ce, don haka yawancin kaset sai a datse dama da hagu don hoto ya cika allo, kusan rabi ya tafi. Ka tuna ƙarshen fim, inda su ukun suka tsaya a da'irar tsakiyar maƙabarta? Leone ya jera su ne yadda za ka gan su gaba ɗaya, kowa a kusurwarsa. Duk wanda ya san wurin a datse, ranar da ya gan shi da faɗinsa zai sake zama.

Abba na Hotoro:

Baba Tela a gafarce ni, ni dai dogon na kalla a waya kuma ban ga laifinsa ba. Akwai inda mugun ya je wani rusasshen sansani cike da sojoji masu rauni, a nan ya samu labarin inda zai nemi Bill Carson, sojan da ya san inda aka binne zinaren. In an cire wannan, ta yaya mutum zai gane dalilin da ya sa kwatsam aka gan shi da kakin soja a sansanin fursunoni? Batun murya kuma, ai na karanta cewa fim ɗin gaba ɗaya ɗora masa murya aka yi, kowane ɗan wasa da yarensa ya yi magana a wajen ɗauka, wani Turanci, wani Italiyanci, wani Sifaniyanci. Shi ya sa bakin wasu ba ya tafiya da maganarsu. To in duk ɗori ne, mene ne na asali a ciki?

Ni matsalata da fim ɗin jan rai. Kusan minti 10 na farko babu wanda ya ce uffan, sai kallon-kallo da ƙarar iska. Sai da na riƙa turawa gaba. Da masu fassarar nan za su yi mana shi da Hausa da ya fi armashi.

Maman Walida:

Abba, ka tura gaba? Ai ka zubar da romon ka cinye ƙashi. Wannan shirun shi ne fim ɗin. Kuma don Allah a daina kallon irin wannan a waya ana cewa an kalla.

Ni a wajen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na san shi, a gidanmu na Gwammaja. Ba ya barin mu kalli Indiya, amma in ya sa kaboyi sai ya ce mu zauna. Mazan gidan harbi suke jira, ni kuwa wurin da ya tsaya min daban ne, kuma har yau ban ji ana maganarsa ba. Inda Tuco ya kai Blondie, wato Clint Eastwood, jinya gidan limaman Kirista, ashe babban wurin ɗan'uwansa ne, ciki ɗaya. Shekara tara ba su haɗu ba. Ya zo da fara'arsa yana tambayar iyaye, ɗan'uwan ya gaya masa uwarsu ta daɗe da rasuwa, ubansu kuma kwanan nan aka binne shi, ya yi ta nemansa bai zo ba. Suka yi musayar baƙar magana a kan wanda ya gudu ya bar gida da wanda ya zauna, har ta kai su ga duka. Blondie na laɓe ya ga komai. Da suka hau keken doki suka kama hanya, sai Tuco ya shiga yabon ɗan'uwan nan, wai ya cika shi da abinci, wai da ƙyar ya bar shi ya tafi don ƙauna. Blondie bai tona shi ba. Sigarin bakinsa ya cire ya miƙa masa.

Baba a nan yake tsayar da kaset ya ce mana, kun ga ɗan fashi ma ya san sirrin gida ba na waje ba ne, wancan kuma ya san ba a kunyata mutum a kan danginsa. Ina aji uku na sakandare lokacin. Shi ya sa in aka ce Blondie ne na kirki saboda ya fi iya harbi nake dariya, ai shi ma damfara yake yi da kuɗin lada, yana miƙa Tuco ga hukuma yana harbe igiyar rataya su raba. Kirkinsa ɗan kaɗan ne, a nan yake, sai kuma inda ya lulluɓe wani yaron soja mai shirin mutuwa da rigarsa.

Injiniya, wannan wurin na 'yan'uwa yana cikin gajeren ko? In babu shi ni ba na so.

Tela Ɗan Fagge:

Injiniya Allah ya yi albarka, ya ƙara sani. Hajiya Maman Walida, Allah ya jiƙan Baba, lallai ya san kallo. Wurin nan yana cikin kaset ɗina, da idona na sha ganinsa.

Kai kuma Abba ɗana, zo nan. Gaskiya ne ɗori ne, amma ɗorin 1967 mutanen suna da ƙuruciyarsu suka yi shi, murya da fuska sa'annin juna ne. Ni tela ne. In ka kawo min rigar da aka ɗinka shekara talatin da suka wuce ka ce in mayar mata da ƙyallen da aka yanke aka ajiye a akwati, zan iya, amma duk mai ido zai ga inda aka haɗa, don rigar ta sha rana ƙyallen bai sha ba. Maganar yadda mugun ya samu kakin soja kuwa, mu ba mu taɓa tambaya ba. Mugu ne, duk inda kuɗi yake za ka same shi a can ya riga ka. Fassarar Hausa kuma ka rufa min asiri. Mai fassara ba ya iya shiru, a kan kiɗan Morricone, makaɗin fim ɗin, zai yi ta zuba, wurin da Tuco ke gudu cikin kaburbura yana neman kabari mai sunan Arch Stanton ma sai ya sa masa zance.

Injiniya, saura batun na'ura. DVD ce da ni a gida, tsohuwa.

Injiniyan Titin Beirut:

Hajiya, yana ciki, ba a taɓa cire shi ba.

Baba Tela, DVD ɗinka ba za ta karanta Blu-ray ko 4K ba, ko da faifan ya shiga. Sai an haɗo da na'urarsa. Ga inda za a kula: Blu-ray an raba shi shiyya-shiyya, Amurka shiyyar A, Turai da Afirka shiyyar B. In yaron ya sayi na'ura a Ingila da faifan Ingila, komai zai tafi daidai, wutarsu da bakin soket ɗinsu ma irin namu ne. In kuwa ya yi odar Blu-ray daga Amurka, na'urar Ingila za ta iya ƙin sa. Faifan 4K shi ba a saba kulle shi da shiyya ba, amma na'urarsa ta fi tsada, kuma in talabijin ɗinka ba 4K ba ce asarar kuɗi ne, Blu-ray ya ishe ka.

Abu ɗaya da za ka ji ya bambanta ko a mono ɗin: in kaset ɗinka na tsarin PAL ne irin wanda muke amfani da shi a Najeriya, hoto 25 yake ja a daƙiƙa maimakon 24 na silima. Fim ɗin yana ɗan sauri ke nan, minti 161 ya dawo wajen 155, kiɗan ma ya ɗan ɗaga sama. A sabon faifan za ka ji muryoyi sun ɗan yi kauri, kada ka ce an sake taɓa maka shi, wannan ce tafiyarsa ta ainihi.

In kayan sun iso ka aiko yaro ya kira ni in zo in saita maka sautin, don wani faifan da kansa yake zaɓar na lasifika shida in ba a shiga an canza ba. Kuma ka sa masa stabiliza kafin ka jona, ka san halin wutarmu.