Shuɗin wata: a sama yake ko a kalanda?

Malam Sanusi: Assalamu alaikum. Wani ya turo mana hoton wata shuɗi kamar an tsoma shi a baba, yana cewa haka ya fito a daren 31 ga Agusta 2023. Ni dai ina ganin an yi wa hoton rini ne, domin abin da Turawa ke kira shuɗin wata cikar wata ta biyu ce a cikin wata ɗaya na kalandar Miladiyya. Tsakanin cika da cika kwana 29 da rabi ne, don haka idan wata ya cika ranar 1 ga Agusta, dole ya sake cika kafin Agusta ta ƙare.

Hajiya Rakiya: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda cewa wata ba ya sauya launi ba. Duk wanda ya zauna a Maradi lokacin hunturu ya ga yadda hazo ke mayar da shi ja-ja idan yana fitowa ta gabas.

Malam Sanusi: Gaskiyarki, Hajiya, amma wannan aikin ƙura ne da ke tsakaninmu da shi. Haka ma a husufi, hasken rana ne da ya ratsa iskar duniya yake isa gare shi da ja.

Alhaji Laouali: Malam, ka yi saurin yanke hukunci. Bayan dutsen Krakatoa na Indonesiya ya yi aman wuta a 1883, mutane sun ga wata shuɗi da idanunsu, saboda tokar da ta cika sama ta tare jan haske. Sannan ma'anar da ka kawo ba ita ce ta farko ba; tsohon lissafin manoman Amurka yana nufin cika ta uku a zangon shekara na wata uku da ya sami cika huɗu, kuma wani kuskure a mujallar ilimin taurari ta Sky & Telescope a 1946 ne ya haifar da wadda ta yaɗu yanzu.

Abdu: Baba Alhaji, a gafarce ni, shi jikin watan fa? Na karanta cewa ƴan sama jannatin kumbon Apollo 17 da suka sauka a kan wata sun tarar da ƙasa mai launin ruwan lemo a 1972.

Alhaji Laouali: Haka ne, ɗana, amma yawancinsa ruwan toka ne, kuma duhu-duhun da muke gani tsohon narkakken dutse ne da ya daskare.

Malam Sanusi: Na karɓi batun Krakatoa, Alhaji, sai dai ban janye maganata ba. A lissafin Hijira, inda wata ke kwana 29 ko 30 kuma cikarsa ke faɗowa a tsakiya, wajen kwanakin azumin 13, 14 da 15, ba zai taɓa cika sau biyu ba. Shuɗin watan da ake cewa yana zuwa kusan kowace shekara biyu da rabi, kalanda ce ta ƙirƙire shi.

Hajiya Rakiya: To, a tambayi wanda ya turo hoton inda ya samo shi.