Yamaha FJR1300 ko Honda ST1300: abin da masu su suka ce

Ga abin da na tattara daga muhawarar da masu waɗannan babura biyu suka yi kan wanda ya fi:

1. An yarda dukansu baburan doguwar tafiya ne. Shaf, wato sandar ƙarfe da inji ke juyawa, shi ke juya tayar baya, babu wahalar sarƙa.
2. Tankin Honda lita 29 ne, na Yamaha 25. Masu ƙin yawan tsayawa shan mai sun zaɓi Honda.
3. Yamaha bai kai nauyin Honda ba, ya fi saurin shan kwana. Tun 2016 giyarsa shida, Honda biyar.
4. Kan zafin injin Honda aka rabu. Wasu sun ce yana gasa musu ƙafa a cunkoso, wasu ko a jikinsu. Ni dai da bazara ina tare da masu cewa yana gasa ƙafa.
5. Ɗaukar fasinja kuwa, mafi yawa Honda suka ce.