Goɗiyata ta daina karɓar linzami

Salamu alaikum, masana doki, ina neman shawara. Goɗiyata mai shekara 7 ta ƙi linzami yau mako 3 ke nan. Da na kawo shi kusa da bakinta sai ta datse haƙora, ta cilla kai sama, ta ja da baya har igiya ta miƙe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da ragama kaɗai lafiya lau take tafiya, sirdi ma ba ta ƙin sa.

Na sauya mata linzami mara nauyi, na sassauta shi, na bar hawanta kwana 5, duk a banza. Sau ɗaya na sa mata da ƙarfi, kuma na yi da-na-sani, don tun ranar ko kunnenta ba ta bari in taɓa. Na duba gefen leɓɓanta da harshenta, babu rauni. Sai dai kwanan nan tana zubar da ciyawar da ta fara taunawa, dunƙule-dunƙule, tana kuma karkata kai gefe guda in tana ci.

Shin kaifin turamen haƙoranta ne ke yankar mata kumatu, in kira likitan dabbobi ya goge su kafin in ci gaba da horo?