Gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa: wuta ake jona wa mai farfaɗiya?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ƙanwata mai shekara 14 ta faɗi sau uku tun bayan ƙaramar salla, na ƙarshen kuwa a gindin murhu tana tsaka da kwashe tuwo. Jikinta ya sandare, sannan ya kama karkarwa, kumfa na fita daga bakinta. Allah ya tsare, gefen zanenta kawai wuta ta lasa. Likita ya ce yana zaton farfaɗiya ce, ya rubuta mana gwajin da suke kira EEG, wanda ya ce na auna lantarkin ƙwaƙwalwa ne. Tun da Inna ta ji kalmar lantarki ta ce ba mai jona wa ɗiyarta wuta a ka, Kawu kuma ya tsaya a kan cewa iska ce. Masana, da gaske akwai lantarki a kan mutum, kuma mene ne haɗinsa da wannan faɗuwa?

Malamin Kimiyya, Runjin Sambo, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ka kwantar wa Inna da hankali, domin na'urar sauraro kawai take yi, ba ta zuba komai a cikin kai.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ɗaya tamkar ɗan ƙaramin batir ce. Idan tana hutawa, bambancin caji tsakanin cikinta da wajenta kusan milibolt 70 ne, wato kamar kashi ɗaya cikin ashirin na ƙarfin batirin tocila. Gishirin da ke narke a ruwan jiki shi ke samar da wannan caji: sodiyam ya fi yawa a wajen ƙwayar, potasiyam kuma a cikinta. Idan saƙo ya iso, sai wasu ƙananan ƙofofi a fatar ƙwayar su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, cajin ya juye na ɗan lokacin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, sannan potasiyam ya fita komai ya koma yadda yake. Wannan juyewar ce ke bin jijiya da gudu, har ta kai mita 100 a daƙiƙa guda a wasu jijiyoyin, kuma da ita muke gani, muke ɗaga hannu, muke tuna karatu. Hodgkin da Huxley na Ingila ne suka fayyace yadda abin ke gudana a 1952, suka samu kyautar Nobel a 1963.

A lokacin lafiya, ƙwaƙwalwa kamar Babbar Kasuwar Sakkwato take da hantsi: kowa na cinikinsa, hayaniya ta cika wuri, amma harka na tafiya. Farfaɗiya kuwa ita ce a ce wani layi ya ɗauki ihu da murya ɗaya, maƙwabta su amsa, har kasuwar duka ta ɗauka, ciniki ya tsaya cak. Mai gwajin kamar wanda ya kasa kunne ne daga bayan katanga. Ba ya jin maganar mutum guda, amma ihun taro ba ya ɓoye masa. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan motsi daga kan mutum a 1924.

Ma'aikaciyar Jinya, Arkilla, ta amsa:

Malam ya gama bayani, ni abin da idona ke gani zan ƙara. Za a manna mata ƙananan faifai kusan ashirin a fatar kai da wani man shafawa mai danƙo, a ce ta rufe ido ta buɗe, ta yi numfashi da ƙarfi na 'yan mintoci, wani lokaci a haska mata fitila mai walƙiya. Yawanci minti 20 zuwa 30 ne, babu allura, babu zafi. A tsefe mata kitso, a wanke kai, kada a shafa mai, don nan ne 'yan matanmu suka fi ɓata wa kansu lokaci.

Ka kuma sani cewa gwajin na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan, saboda ba kullum ake ihun ba, in ari misalin Malam. Shi ya sa labarin wanda ya ga faɗuwar yake da nauyi a wurin likita, kuma in ta sake faruwa, wani ya ɗauki bidiyo da waya. A kwantar da ita a gefe ɗaya, a janye ta daga wuta da ruwa, kada a cusa mata cokali ko a ɗura mata wani abu a baki, in kuma ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Yawunta ba ya sa wa kowa ciwon, duk da na san yadda ake watsewa a bar mai shi a ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai miliyan 50 a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Wasu magungunan, irin su kabamazafin, waɗancan ƙofofin sodiyam ɗin suke rage wa rawar kai. Sai dai kada a saya a kemis da ka, domin akwai wanda ba a son ba 'ya mace saboda illarsa ga ciki nan gaba. Shin ta taɓa yin sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ta bugu a ka? Irin tabon da waɗannan ke bari yakan zama mafarin ciwon.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Lallai ta yi sanƙarau tana shekara 6, ta kwana goma sha wani abu a asibiti, kuma ba wanda ya tuna ya faɗa wa likita. Na karanta wa Inna amsoshinku bayan magariba; ta yarda a je ranar Litinin, da sharaɗin ita za ta zauna kusa da na'urar. Kawu ya ce zai ci gaba da yi mata addu'a, na ce ai ba wanda ya hana. An dai raba ta da murhu da bakin rijiya, kitson kuma yau za a tsefe.